Jitar bes da masu kaɗa ta a Kaduna

A duk inda ƙungiyar makaɗan zamani ta kafa kayanta a Kaduna, ko a zauren biki ko a otal ko a Dandalin Murtala, hankalin jama'a kan mawaƙi yake komawa.

Ba kasafai ake kula da mutumin da ke tsaye kusa da mai ganga, rataye da wata doguwar jita mai tsirkiya huɗu ba.

Wannan ita ce jitar bes, wadda ke fitar da amo mai kauri da ke ɗaure bugun ganga da muryar mawaƙi. Idan ta yi shiru, nan take masu rawa kan ji kiɗan ya yi salam.

Mece ce jitar bes?

Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc ne ya fara ƙera irinta a shekarun 1930, amma ba ta yi kasuwa ba sai a 1951, lokacin da Leo Fender ya fito da samfurin Precision Bass.

Kafin nan, makaɗa na dogara ne da wani ƙaton goge na Turawa da ake kaɗawa a tsaye, mai wuyar ɗauka, wanda kuma amonsa kan ɓace cikin ƙarar ganguna da ƙahoni.

A 1960 kamfanin Fender ya ƙara da Jazz Bass mai siririn wuya. Har yanzu akasarin jitocin bes da ake ƙerawa a duniya kwaikwayon waɗannan biyun ne.

Tsawon tsirkiyarta yakan kai inci 34, kuma mafi kauri daga cikin huɗun tana karkarwa kimanin sau 41 a daƙiƙa guda. Wani maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin ne ke mayar da karkarwar zuwa lantarki, ya aika da ita amfilifaya.

Ga Bahaushe, aikin nata ba baƙo ba ne. Kusan matsayin da komo ke da shi a kan garaya, shi bes ke da shi a kan jita.

A Kaduna

Doka, hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, ita ce tsakiyar birnin da ya kasance fadar gwamnatin Jihar Arewa. Otal-otal irin su Hamdala, da kulob-kulob na ma'aikata, da 'yan badujalar soja da na 'yan sanda, duk sun taimaka wajen samar da makaɗan da suka iya kayan kiɗan Turawa.

Fitacce a wannan fage shi ne Bala Miller, wanda ya mutu a 2003. Ƙungiyar da ya kafa a Kaduna a shekarun 1970 ta haɗa jita da bes da ƙahoni tana waƙa da Hausa, kuma waƙarsa ta Ikon Allah da shirinsa na gidan talabijin na NTA sun sa ya yi suna a faɗin Najeriya.

Sai dai rikice-rikicen da aka yi a birnin a 2000 da 2002 sun raba mazauna Kaduna gida biyu, arewa da kudancin kogi. Wuraren kiɗan dare da dama sun fi yawa a kudanci tun daga lokacin, yayin da a arewaci aikin ya fi karkata ga bukukuwan aure da tarukan hukuma.

Zaɓen kaya

Kusan duk abin da mai bes ke amfani da shi daga waje ake shigo da shi, galibi ta kasuwar Alaba da ke Legas. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ƙara masa tsada.

Saboda haka ba kowa ke iya sayen Fender na ainihi ba. Da yawa sukan nemi Yamaha ko Ibanez ko Squier na hannu, ko kuma ƙirar China.

Masu kiɗa a coci da masu bin salon zamani sun fi son mai tsirkiya biyar, domin ta biyar ɗin na sauka ƙasa fiye da sauran. Akwai kuma nau'in da ke aiki da batir mai ƙarfin bolt 9, wanda ke da kaifin amo, amma idan batirin ya mutu ana cikin wasa, shi ke nan.

Amfilifaya ma babbar magana ce. Amo mai kauri na bukatar ƙarfin lantarki da faffaɗar lasifika, mai inci 15 ko jerin masu inci 10. Wanda ya jona bes a ƙaramar lasifikar jita ya ƙure ta, zai iya yaga ta.

Kula da tsirkiya

Tsirkiyar bes waya ce ta ƙarfe da aka naɗe da wata wayar. Iri biyu suka fi shahara: mai sulɓi, wadda amonta ke da taushi kuma take daɗewa, da mai kaushi, wadda kamfanin Rotosound na Ingila ya yayata a 1966, mai amo garau.

Matsalar mai kaushin ita ce gumi da maiƙon hannu da ƙura na shiga tsakanin naɗin. Cikin 'yan makonni ko watanni sai amon ya dushe.

Hanya mafi sauƙi ita ce wanke hannu kafin wasa, da goge tsirkiyoyin sama da ƙasa da busasshen ƙyalle bayan an gama.

Da yake saitin sabbi na da tsada, wasu makaɗan kan kwance tsofaffin su tafasa su a ruwa na 'yan mintoci, su shanya su sosai. Amon yakan dawo na ɗan lokaci, amma idan danshi ya rage a ciki tsatsa ce ke biyo baya. Wasu sun fi son jiƙa su a sifirit, tun da shi yana bushewa da sauri.

Ba kowa ne ma ke neman sabon amo ba. An san James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na Amurka, da barin tsirkiyoyinsa shekara da shekaru ba tare da canji ba.

Hunturu da damina

Yanayin Kaduna na gwada ƙarfin katako. Da hunturu iska kan bushe ƙwarai, wuyan jitar ya tsuke, bakin ƙarafan da aka jera a kansa su fito suna yankar yatsu, ƙura kuma ta shiga maɓallan sauti su riƙa ƙaraurau.

Da damina katakon kan sha danshi ya kumbura, ƙarfe ya yi tsatsa.

A cikin wuyan akwai sandan ƙarfe da ake ɗaurewa ko sassautawa domin miƙar da shi. Masu gyara na gargaɗin a riƙa juya shi kaɗan-kaɗan, domin idan ya karye gyaransa ya kusa kai kuɗin wata jitar. Barin jita a cikin mota da rana ma kan lanƙwasa ta.

A fagen wasa

Akasarin wasanni da janareto ake yin su, kuma hawa da saukar wutarsa na ƙona amfilifaya. Shi ya sa masu hali ba sa rabuwa da sitabilaiza.

Haɗarin ya wuce asarar kaya. Idan ba a haɗa wayar da ke kai wuta ƙasa ba, wanda ya taɓa tsirkiya da makirfo lokaci guda lantarki na iya jan sa. Haka ya faru ga Leslie Harvey, wani mai jita ɗan Scotland, wanda ya mutu a kan dandamali a 1972.

Aikin kuma na lokaci ne. Bukukuwa kan yawaita gab da azumi, da bayan Sallah, da ƙarshen shekara, sannan kasuwa ta ja baya.

Gogayya da fiyano

Babban abin da ya rage wa masu bes aiki a ƙasar Hausa shi ne fiyano. Tun daga tsakiyar shekarun 1990, ɗakunan haɗa waƙa na Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda mutum guda kan fitar da amon ganga da bes da sarewa daga cikinsa.

A kan wannan aka gina waƙoƙin finafinan Hausa. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin, masu saka faifai kuma suka mamaye bukukuwa, domin sallamarsu ta fi ta ƙungiya guda sauƙi.

Duk da haka, ƙofa ba ta rufe ba. A Jamhuriyar Nijar, makaɗan jita na Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar sun zagaya duniya da kiɗan da ake yi da hannu nan take, kuma ƙungiyoyinsu kan haɗa da mai bes.