Samariya a Ƙasar Kurfai: Daga Gayyar Gona zuwa Kwamitin Unguwa

Samariya ita ce ƙungiyar da ke haɗa samari da 'yan matan gari ko na unguwa ƙarƙashin sarkin samari, domin aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya da kuma shagalin da ke biyo bayansa. A ƙasar Kurfai, wadda Filinge ce babban garinta, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, wannan ƙungiya ta girmi jam'iyyu da ma'aikatar magajin gari. Tarihinta shi ne tarihin aikin sa-kai a wannan yanki, domin kusan duk hukumar da ta zo tana neman hannuwa kyauta ta ƙofarta ta bi.

Ƙasar ce ta koya wa mutanenta wannan tsari. Filinge tana cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwan rijiya ke kusa, amma da an hau tudu sai ya yi nisa ƙwarai. Gero da wake ake nomawa a jigawa, damina kuwa gajera ce, ba ta jiran kowa. Idan haki ya taso bayan shuka, kwanaki kaɗan ne tsakanin manomi da asarar shekara. Mai rashin lafiya, ko tsoho wanda 'ya'yansa suka tafi, ko matar da mijinta ya rasu, ba su da mafita sai gayya. Kurfayawa suna ce mata gayya, maƙwabtansu Zabarmawan Tondikandiya suna ce mata bogu, aikin dai ɗaya ne.

Ga yadda ake yin ta. Mai gona ya kai goro wurin sarkin samari, a sa rana, maroƙi ya yi shela. Ranar aiki a fita da hauya tun da sassafe, makaɗa na biye suna kiran sunan kowane saurayi da kirarinsa, 'yan mata su kawo fura da ruwa. Ba a biyan kowa kuɗi, amma mai gona zai ciyar, kuma kowa ya san bashi ne ya ci, wanda zai biya ranar da aka kira shi gonar wani. Saurayin da ke neman aure yakan kai abokansa gonar surukinsa, a nan ake gane ko yana da jama'a. Ban da noma, samari ne ke ɗaukar jinka, su yashe rijiya, su haƙa kabari, su kashe gobarar daji, su bi sawun dabbar da ta ɓace. Wanda ya ƙi fita ba tare da dalili ba a ci shi tarar goro. Idan ya ƙi biya, a ƙaurace wa bikinsa, kuma a ƙauye babu hukuncin da ya fi wannan ciwo: a yi aurenka ba kiɗa, ba abokan ango.

Sarkin samari ba lallai ne ya zama yaro ba. Sau da yawa magidanci ne mai baki da haƙuri, wanda dattawa suka yarda da shi, mai gari ya naɗa masa rawani. Yana da fadawansa masu sarautu irin na fada, galadima da waziri da alƙali, 'yan mata kuma suna da shugabarsu. Da Turawa suka zo sai aka ƙara da sarautun aro: gwamna, komanda, likita, soja. Wannan aron muƙaman Bature ba baƙo ba ne a Kurfai. A wajen 1925, daga Cikal, borin Babule ya ɓulla ta hannun wata mace mai suna Shibo, iskokinsa suna ɗauke da muƙaman sojan Faransa, matasa suka bi shi har suka juya wa Sarkin Kurfai Gado Namalaya baya, hukumar mulkin mallaka ta murƙushe su. Babule ba samariya ba ce, amma ta nuna wa masu mulki abin da matasan ƙauye za su iya idan suka haɗa kai ba da izinin fada ba.

A zamanin Faransawa an sami wani aikin taro na dabam, wato aikin dole: gyaran hanya, ɗaukar kaya, ginin bariki. Sarkin kanto ke tara mutane, dogari na tsaye a kansu. An soke shi da doka a 1946, amma ya bar tabo. Tun daga lokacin talaka yana da ma'auni biyu da yake auna duk kiran da aka yi masa zuwa aikin jama'a: wa ya kira, kuma wa zai ci amfanin. Duk abin da ya sami samariya daga baya yana komawa ga waɗannan tambayoyi biyu.

A 1946 ɗin aka kafa jam'iyyar PPN-RDA, kuma 'yan siyasa ba su ɓata lokaci ba wajen gane amfanin ƙungiyar da ke da makaɗa da fili da masu rawa a kowace unguwa. Ita da jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary sun yi ta jan sarakunan samari, har aka haramta Sawaba a 1959. Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa matasan jam'iyya da 'yan sintirinta, ta kawo ma'aikatan wayar da kan manoma da hukumar ƙungiyoyin gama-kai ta UNCC a 1962. Samariya ta koma inuwar kwamitin jam'iyya, aikinta tarbar manyan baƙi da taya sayar da katin jam'iyya. Gayyar gona ta ci gaba a ƙauyuka yadda take, don ita ba ta bukatar takarda. Sai fari ya zo daga ƙarshen shekarun 1960, ya tsananta a 1973, dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe, samari suka watse neman abinci.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kunce, ɗan Fandu a Tondikandiya, cikin gundumar Filinge. Ya rushe jam'iyya da majalisa, ya rage ba shi da wata hanyar isa ga talaka sai sarakuna da komandoji. Don cike wannan giɓi gwamnatinsa ta raya samariya, ta mai da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya: kowace unguwa da kowane ƙauye da tata, sama da su ta kanto, sannan ta gunduma, har zuwa Yamai, ƙarƙashin ma'aikatar matasa. A gefenta aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci a 1974 da Ƙungiyar Matan Nijar a 1975.

Waɗannan su ne shekarun da dattawan yau ke nufi idan suka ce "lokacin samariya". A gari kamar Filinge, kowace unguwa tana da filinta da makaɗanta da tufafinta na fita. Ana buga tubali a gina ajin lakwal, ko a kafa rumfar zana kafin a sami na ƙasa. Ana share kasuwa bayan cin ta na ranar Lahadi, a gyara maƙabarta, a cike kwazazzabon da ruwa ya ci a hanya. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ta zama kuma ranar dashen itace, kuma samari ne ke haƙa ramuka su yi ban-ruwa. Akwai gonar samariya, wadda ake nomawa tare a zuba amfanin a asusu don tarbar baƙi ko taimakon wanda gobara ta ci. Da dare ana sintiri. Abin da ya riƙe wannan duka shi ne gasa. Unguwa ba ta yarda wata ta fi ta, kuma gwamnati ta san da haka, sai ta buɗe wa gasar fage: kokawar ƙasa da aka fara a Tawa a 1975, da bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976. Ana tankaɗe 'yan wasa da mawaƙa tun daga ƙauye zuwa gunduma, waɗanda suka yi fice su wakilci jiharsu, wadda a lokacin ita ce jihar Yamai. Wasan kwaikwayon samariya ya zama makarantar jama'a, ana nuna illar auren dole da cin rani da almubazzaranci a biki, a gidan rediyo da talabijin na ƙasa, da Hausa da Zabarmanci. Yarinyar da ba ta taɓa wuce kasuwar Filinge ba takan ga Maraɗi ko Agadas ta wannan hanya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ake son 'ya'yanta su san juna.

A 1979 aka naɗa hukumar tsara abin da gwamnati ta kira al'ummar ci-gaba, a 1983 aka kafa majalisarta ta ƙasa. Ginshiƙanta biyu ne, samariya da ƙungiyoyin gama-kai na manoma, kuma wakilansu ne ke zama a majalisun raya ƙasa hawa biyar, daga ƙauye zuwa ƙasa. A takarda, shawara daga ƙasa take tashi ta hau sama. A aikace, mai gari ke shugabantar majalisar ƙauye, sarkin kanto ta kanto, komanda ta gunduma, kuma umurni ne ke saukowa. Sarautar samari ta zama matsayin da ake nema, sau da yawa ta faɗa hannun dangin fada ko attajirin gari. Tarar goro ta zama barazanar kai ƙara wurin hukuma. Mutanen da suka gina aji da murna, su ne kuma aka tsayar a rana tun safe suna jiran ayarin minista. Adalcin magana shi ne an yi aiki na gaske, wanda wasu gine-ginensa da itatuwansa suna nan, amma ƙungiyar ta sami faɗi ne ta rasa ikon cewa a'a. Ga kuma cin rani: da an gama girbi ƙarfafan Kurfai sun nufi Yamai, Najeriya, Gana ko Kwaddibuwa, daidai lokacin da ake son su buga tubali. Farin 1984, wanda ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, ya kawo rabon abinci a madadin aiki. Daga nan aka fara tambayar da ba a saba yi a wurin gayya ba: me za a ba mu?

Kunce ya rasu a Nuwamba 1987. Ali Saibu, wanda ya gaje shi, ya mai da tsarin ya zama jam'iyyar MNSD a 1989, samariya ta zama reshenta, don haka da Babban Taron Ƙasa na 1991 ya kawo jam'iyyu da yawa, ta faɗi tare da mulkin da ya goya ta. Unguwar da ke da fili ɗaya ta rabu bisa tutoci. Sunan sarkin samari bai ɓace ba, ana jin sa a biki da wurin kokawa, amma kiransa bai ƙara tara gari ba.

Aikin bai mutu ba, rarrabuwa ya yi. Samari suka koma fada, wato majalisar abokai masu shan shayi a ƙofar gida, kowace da sunanta. Fada takan yi sharar unguwa, ta kafa rumfar biki, ta yi karo-karo idan ɗanta ya kwanta asibiti, amma abokai ne suka zaɓi juna, ba ta ɗaure kowa ba, kuma lokacin zaɓe 'yan takara sun san hanyarta. Foroje-foroje kuma suka zo da kwamitoci: na famfo, na lakwal, na gidan likita, na bankin cimaka, kowane da shugaba da magatakarda da ma'aji, galibi fuskoki ɗaya ne ke zagayawa a cikinsu. Gyaran fako da ramukan rabin-wata, wanda dā da gayya za a yi shi, yanzu da kuɗi ko buhu ake yi. Ba laifin talaka ba ne ya karɓa, yunwa ba ta san sa-kai ba. Illar ita ce idan foroje ya naɗe tabarmarsa, kwamiti yakan bi shi, famfo ya lalace a zauna jiran wani.

Waɗanda suka fi riƙe tsohuwar ƙa'ida su ne mata. Tsarin asusu na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 ya kuma bazu har yammacin ƙasar, ya tsaya ne a kan adashi: zubi kowane mako, rance da 'yar riba, tara ga wadda ta makara, da wani kaso na gefe don haihuwa da rasuwa. Kuɗin nasu ne, hukuncin nasu ne, shi ya sa yake ɗorewa bayan mai koyarwa ya tafi. Haka ma ƙungiyoyin 'yan asalin gari da ke zaune a Yamai da ƙasashen gaɓar teku, waɗanda ke aiko da kuɗin ginin masallaci, gyaran rijiya ko sayen hatsi a shekarar da damina ta ƙi. Hannuwan da cin rani ya ɗauke, aljihunsu ne ke dawowa.

Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ba Filinge, Kurfai ta Tsakiya, Imanan da Tondikandiya majalisunsu da magadan garinsu, kuma su ne, har zuwa 2024, suka riƙa kiran ranar tsabta ko dashen itace, ta bakin masu unguwanni. A 2011 aka cire Abala da Balleyara daga gundumar Filinge suka zama gundumomi. Daga 2012 rikicin Mali ya turo 'yan gudun hijira zuwa Abala, daga baya hare-hare suka tayar da ƙauyukan arewacin jihar Tillaberi, aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur a wurare da dama. Taron dare da kiɗan fili sun ragu. Aikin sa-kai mafi girma a waɗannan shekaru ba shi da sarki ba shi da kwamiti: gidajen da suka sauki 'yan'uwa da baƙin da suka baro garuruwansu, suka raba hatsi da su, suka ara musu gona.

A ƙauyukan Kurfai har yanzu ana kiran gayya don ɗaukar jinka, yashe rijiya da haƙa kabari, kuma ana fita ba a tambayi lada ba. A gona kuwa ta ja baya, domin mai hali ya fi son ɗaukar 'yan ƙwadago ya biya su da yamma.