Littafi Ɗaya, Riguna Daban-daban: Tarihin Bangon Ƙagaggen Labarin Hausa a Gida da Ƙetare

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar littafi kuwa bangonsa ce, kuma ita mai saye yake fara tambaya kafin ya sa hannu a aljihu. Sai dai mutum da fuskarsa ake haihuwarsa, littafi kuwa wani ne yake zaɓa masa tasa, kuma sau da yawa mai zaɓen ba marubucin ba ne. Kamfanin ɗab'i ne, ko mai zane, ko ɗan kasuwa, kowannensu da irin mai sayen da yake hange. Saboda haka idan labari ɗaya ya fito a ƙasashe daban-daban, bangayensa sukan zama shaida a kan yadda kowace ƙasa take kallon mutanen da ke cikin labarin. Wannan maƙala za ta bi sawun wasu littattafai da suka tashi daga ƙasar Hausa suka ƙetare teku, domin a ga rigunan da aka sanya musu a hanya, da abin da hakan yake nufi ga marubucin da zai fito daga gari kamar 'Yankuzo.

Bango kafin zuwan ɗab'i

Kalmar bango ta girmi injin buga littafi a ƙasar nan. A 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke ƙasar Tsafe, wanda ya yi suna da karatu tun kafin jihadin 1804, littafi warƙoƙi ne a warware, rubutun hannu, da ake ajiyewa tsakanin bangaye biyu, a naɗe da fata, a sa cikin gafaka. Aikin wannan bango kariya ce daga ƙura da damshi da gara. Ba ya ɗauke da hoto, kuma ba ya tallar kowa. Idan akwai ado, na dukawa ne a jikin fata, ko zayyanar marubuci a cikin shafuka. Ɗalibi yana sanin darajar littafi daga bakin malaminsa, wanda shi ma ya ji daga nasa malamin.

Ɗab'i ne ya sauya wannan tsari. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zauna a Zariya ta zama Hukumar Talifi. A 1929 kuma layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda. Daga nan littafi ya zama kaya kamar gyaɗa da auduga: ana buga shi da yawa a wuri ɗaya, a ɗauke shi zuwa garin da ba a san marubucinsa ba. Littafin da ya isa inda babu malamin da zai gabatar da shi dole ya gabatar da kansa, kuma bango ne ya karɓi wannan aiki.

Shaihu Umar: Zariya, Landan, Amurka

A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, wadda ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da East, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa. Na ƙarshen nan ne ya fi kowanne yawo a duniya, don haka shi ya fi dacewa da wannan nazari.

Lokacin da Shaihu Umar ya fito a 1934, marubucinsa matashin malamin makaranta ne a Bauchi. Bai zama Alhaji ba tukuna, Sarauniyar Ingila ba ta ba shi lambar girma ba, siyasa kuma ba ta san shi ba. Ƙaramin littafi ne mai araha, an yi shi domin ɗaliban makarantun Arewa da sababbin masu karatun boko. Abin da sunan littafin ya nuna wa waɗannan masu karatu shi ne lakabin Shaihu: labarin malami ne da ya zauna a Rauta yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa. An sace shi yana yaro, ya shiga hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu a ƙasar Larabawa, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Bahaushen da ya karanta shi a Gusau ko Tsafe ya ɗauke shi a matsayin darasi kan haƙuri da ƙaddara da ƙaunar uwa.

A 1967 kamfanin Longmans ya fitar da fassarar Ingilishi ta Mervyn Hiskett a Landan. Shekara ɗaya ke nan bayan an kashe marubucin a juyin mulkin Janairun 1966. Sunan da ke kan littafin yanzu na Firayim Ministan Nijeriya na farko ne, da lakabin Alhaji da na Sir. Mai saye a Ingila, wanda bai taɓa jin Rauta ko Kagara ba, ya san wannan suna daga jaridu. Ke nan nauyin bangon ya tashi daga kan gwarzon labari ya koma kan marubuci. Littafin da matashin malami ya rubuta ya zama abin tunawa da shugaban da aka rasa.

A 1989 kamfanin Markus Wiener ya sake buga wannan fassara a Amurka, da gabatarwar Beverly Mack. A can kuma aka ƙara wa sunan littafin bayani cewa labari ne game da bauta a Afirka. Ba ƙarya aka yi ba, domin bauta da fataucin bayi ta Sahara suna cikin littafin tun daga farkonsa har ƙarshe. Amma zaɓin wannan kalma a kan bango ya nuna kasuwar da ake nufi, wato azuzuwan tarihi na jami'o'in Amurka, ƙasar da batun bauta yake tsakiyar tarihinta. Ɗalibin can yakan buɗe littafin yana neman shaida kan wata cibiyar zalunci, ya kuma yi mamakin yadda mai ba da labarin yake ambaton bauta cikin natsuwa. Ɗalibin nan yakan buɗe shi yana neman halin malami nagari, wani lokaci har ya wuce bayin da ke cikin labarin bai tsaya ya dube su ba. Kowannensu bango ya nuna masa rabin littafin, ya bar masa ɗaya rabin a duhu.

Bangon kasuwa

A tsakanin waɗannan shekaru, buga littafin Hausa ya ratsa hannun Kamfanin Gaskiya, da NORLA, sannan NNPC da aka kafa a Zariya a 1966. Duk waɗannan makaranta suke kallo, don haka bangayensu masu kamun kai ne, irin waɗanda hedimasta ba zai ji kunyar rabawa a aji ba. A cikin wannan tsari So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, bayan wata gasa ta NNPC. Marubuciyar, wadda ta daɗe tana zaune a Gusau, ita ce mace ta farko da aka buga ƙagaggen labarinta da Hausa.

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Wannan shi ne abin da wasu manazarta suka kira adabin kasuwar Kano. Littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sun bazu daga kasuwannin Kano, suka bi hanyar Funtuwa zuwa Tsafe da Gusau da Bunguɗu, suka haura har Maraɗi da Damagaram. A nan babu gwamnatin da za ta sayi dubban kwafi ta raba. Littafi yana shimfiɗe a tebur tare da ɗaruruwan 'yan'uwansa, wanda bangonsa ya fi jan ido shi ake fara ɗauka. Da farko zanen hannu ake yi, saurayi da budurwa, mota ko gida. Da kwamfuta ta yawaita sai hotuna masu launi suka karɓe wurin, galibi fuskokin mata cikin kwalliya, wasu da kamannin taurarin finafinan Indiya waɗanda Hausawa suka daɗe suna kallo. A bayan littafin kuma akan sa hoton marubuci da jerin sauran littattafansa.

Wannan bango ya sayar da littattafai, amma ya jawo musu hukunci. Iyaye da malamai da yawa sun yanke wa wannan adabi shari'a daga fuskarsa, suka kira shi duka littattafan soyayya, alhali a cikinsa akwai labaran auren dole, da kishi, da saki, da hana 'ya'ya mata karatu. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta ƙona tarin irin waɗannan littattafai a bainar jama'a. Abin da ɗan kasuwa ya liƙa don jawo mai saye, shi ya zama hujja a hannun mai zargi.

Daga Kano zuwa Chennai

Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdu, wanda ya yi mata kishiya ya kore ta da 'ya'yanta tara, da yadda ta riƙe su da sana'arta. A 2012 kamfanin Blaft da ke birnin Chennai na Indiya ya buga fassarar Ingilishi ta Aliyu Kamal. Abin lura ne cewa ƙasar da finafinanta suka yi wa bangayen Kano ado ita ce ta karɓi littafin Kano ta fitar da shi ga duniya.

Abubuwa biyu suka sauya a wannan tafiya. Na farko, sunan littafin. Bahaushe ya san karin maganar, da ya ji rabinta zai cika sauran da kansa: ubangidansa yakan bi. Baƙo bai san ta ba, sai aka cika masa ita a bango, aka kuma juya ta ta fuskanci mai karatu, cewa kwikwiyon kai yake bi har gida. Maganar da ke nuna Alhaji Abdu ta koma tana nuna duk wanda ya ɗauki littafin. Na biyu, maƙwabtan littafin. Kamfanin Blaft ya yi suna ne da fassara labaran kasuwa na harshen Tamil, don haka littafin Balaraba ya shiga sahun adabin talakawa na wata nahiya. Lakabin kasuwa, wanda a gida ake faɗa da raini, a can shi ne abin talla.

Irin wannan sauyi ya sami Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda aka rubuta da Ingilishi a kan rayuwar wata bazawara Bahaushiya, Hajiya Binta. Ya fito a Nijeriya a 2015, a Ingila a 2016, shekarar da ya ci kyautar NLNG. Fassarar Faransanci ta riƙe furannin da ke cikin sunan, ta mai da launinsu na harshen wuta. Ta Jamusanci kuwa ta yar da furannin gaba ɗaya, ta sa masa suna mai nufin inda muke tuntuɓe da inda muke faɗuwa. Wata ƙasa ta sayar da sha'awa, wata ta sayar da zunubi, dukansu daga labari ɗaya.

Itaciya da faɗuwar rana

A 2014 wani ɗalibin tarihi a Jami'ar Columbia, Simon Stevens, ya jera bangayen littattafai da dama da aka buga a Turai da Amurka game da Afirka. Kusan dukansu hoto ɗaya suke ɗauke da shi: itaciyar ƙaya mai kama da laima, da jar rana tana faɗuwa a bayanta. Marubutan sun fito daga ƙasashe daban-daban, labaransu ba su yi kama da juna ba, wasu ma a manyan birane suka faru, amma riga ɗaya aka ɗinka musu. Littattafan da suka shafi ƙasashen Musulmi su ma suna da tasu rigar: mace a lulluɓe, idanu kawai a waje. Dalilin a fili yake. Mai zane yakan yi aiki cikin gaggawa, kamfani kuma yana tsoron asara, sai kowa ya koma ga hoton da aka san ya taɓa sayar da littafi. Ta haka zato yake zama al'ada, al'ada kuma ta koma tana ƙarfafa zaton.

Abin da ya shafi Zamfara

Yau sunan Zamfara a kunnen duniya ya haɗu da bindiga da babur da satar mutane, kuma ƙasar Tsafe tana cikin inda masifar ta fi tsanani. Ba shakka marubutan da za su ba da labarin wannan zamani suna nan suna tasowa a 'Yankuzo da maƙwabtanta, wasu a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wasu suna rubutu a wayoyinsu. Idan littafin ɗayansu ya ƙetare teku, tarihin da aka bi a sama ya nuna rigar da ke jiransa: mutum da rawani ya rufe fuska, bindiga a kafaɗa, ƙura a bayansa. Ko da labarin na manomiya ce da ta ƙi barin gonarta, ko na malamin da ya ci gaba da koyarwa a zaure, maharin ne zai hau bango, waɗanda aka zalunta su koma ciki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kamata marubuci ya nemi a rubuta cikin yarjejeniyarsa da kamfanin ɗab'i cewa sai ya ga bango da sunan fassara kafin a buga. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su koyar da nazarin bango tare da nazarin jigo da salo, tun da shi ne jimlar farko da mai karatu yake karantawa. Sannan a adana tsofaffin bangaye. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun tattara jerin ɗaruruwan littattafan kasuwa na 1987 zuwa 2002, suka buga shi a 2004. Irin wannan aiki yana jiran mai yi a Gusau, kafin gara ta cinye abin da ya rage a akwatunan iyayenmu mata.