Tarihin Salansa: Yadda Ƙarar Mota Ta Zama Hajar Sayarwa



Yau tarihi za mu ɗan taɓa, tarihin wani ƙarfe da ke kwance a ƙarƙashin mota, wanda yawancinmu ba ma tunawa da shi sai ranar da ya huje, wato salansa. Shekara sama da 120 ke nan ana ja-in-ja a kansa tsakanin masu son mota ta yi shiru da masu son ta yi ruri. Wanda ke da niyyar kai motarsa wurin mai walda a sauya mata murya, ya daure ya karanta har ƙarshe, don kusan duk dabarar da ake yi yau a gareji tana da asali.

Daga ina ƙarar take fitowa?

Duk lokacin da fetur ya ƙone a cikin silinda, bawul yana buɗewa hayaƙi mai zafi ya fito da ƙarfi kamar an harba bindiga. Injin mai silinda 4 yana yin wannan harbin sau 2 a kowane juyi. Ke nan idan injin yana juyi 3,000 a minti, harbi 6,000 ke nan a minti, wato 100 a daƙiƙa ɗaya. Kunne ba ya iya rarrabe su, sai ya ji su a dunƙule kamar murya guda. Mai silinda 8 kuwa harbi 200 yake yi a daƙiƙa a daidai wannan juyin. Shi ya sa kowane injin yake da muryarsa tun daga masana'anta. Salansa tace muryar kawai take yi, ta danne wani sashe ta bar wani. Komai tsadar bututun da ka ɗaura wa Corolla, ba za ta yi kukan V8 ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zamanin neman shiru

Motocin farko sun sha tsana saboda ƙara. Dawakai suna firgita, mutanen gari suna ƙorafi. A shekarar 1897 wasu 'yan uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Milton Reeves da Marshall Reeves, suka samu takardar mallakar fasaha ta na'urar rage ƙarar hayaƙin injin. Dabarar mai sauƙi ce: a tilasta wa hayaƙin ya bi ta ɗakuna da ƙananan huji, ya bazu ya huce kafin ya fita waje.

Wani suna da ya shiga tarihin shi ne Hiram Percy Maxim, ɗan mutumin da ya ƙirƙiro bindigar Maxim mai sarrafa kanta. Shi ne ya samu takardar mallakar na'urar rage ƙarar bindiga a 1909, kuma kamfaninsa ya ƙera irin wannan na'ura don injuna. Turawan Ingila suna kiran ta mota da ta bindiga da suna ɗaya, silencer, kuma daga nan bakin Bahaushe ya lanƙwasa kalmar ta koma salansa.

Sai dai tun a wancan lokacin direbobi ba su ba da kai ba. Salansar farko tana shaƙe injin, injinan kuma dama ba su da wani ƙarfi. Saboda haka aka riƙa sa wata 'yar ƙofa a jikin bututu kafin salansa, direba ya ja ta da hannu ko ya taka da ƙafa, hayaƙi ya fice kai tsaye. A bayan gari a buɗe, a cikin gari a rufe. Da direbobi suka fara buɗewa a tsakiyar kasuwa don burga, sai garuruwa da dama suka haramta ta. Wannan bawul da ake ɗaura wa motoci yanzu ana buɗewa da rimot, jikan waccan ƙofa ne.

Samarin Kalifoniya

A 1932 kamfanin Ford ya fito da injin V8 mai araha, wanda talaka zai iya saya. Samari a kudancin Kalifoniya suka riƙa sayen tsofaffin motoci, su cire duk abin da ke da nauyi, su tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su yi tsere. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin da suka koyi kanikanci da walda a bakin aiki suka dawo gida, harkar ta ƙara bunƙasa.

A nan ne ƙara ta zama ado. Aka ƙirƙiro wata irin salansa miƙaƙƙiya: bututu mai huji-huji a tsakiya, an naɗe shi da audugar gilashi, an rufe da gwangwanin ƙarfe. Hayaƙi yana wucewa ba tare da kwana ba, audugar tana shanye siririyar ƙara mai soka kunne, ta bar mai kauri. Wadda ta fi shahara ita ce Cherry Bomb mai jan fenti, da ta fito kasuwa a 1968. Matsalarta ɗaya, audugar tana ƙonewa a hankali, kullum ƙarar tana ƙaruwa, har ta koma bututu zalla.

Kunamar Italiya

A Turai kuwa wani mutum mai suna Carlo Abarth ya kafa kamfaninsa a Italiya a 1949, da tambarin kunama. Burinsa tseren motoci, tsere kuma yana cin kuɗi. Abin da ya riƙe kamfanin shi ne sayar da salansa ga masu ƙananan motocin Fiat. Mai ƙaramar mota ba zai iya sayen Ferrari ba, amma zai iya sayen bututun da zai sa motarsa ta yi amo kamar ta tsere. Abarth ya gane cewa mutane za su biya kuɗi don murya kaɗai, kuma kasuwar da ya buɗe har yau tana ci. Fiat ta saye kamfanin a 1971.

Lokacin da doka ta shigo

Hayaƙin motoci ya turnuƙe biranen Amurka, musamman Los Anjalis. A 1970 aka tsaurara dokar tsaftace iska, kuma daga motocin ƙirar 1975 yawancinsu suka fara zuwa da wata tukunya a jikin bututun hayaƙi, mai kama da saƙar zuma a ciki. Ita ce makanikanmu suke kira indomi. An shafe cikinta da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam, daga baya aka ƙara rodiyam. Aikinsu su juya iskar guba ta koma mai sauƙin illa kafin ta fita. Gubar dalma da ake zubawa a fetur a da tana kashe wannan tukunya, dalilin da ya sa aka fara sayar da fetur marar dalma ke nan.

Wannan doka ta sauya harkar gaba ɗaya. Tunda taɓa indomi ya zama laifi a can, sai masu ƙera salansa suka koma aiki daga bayanta zuwa jelar mota. Kamfanin Borla ya fara a 1978 da bututun ƙarfe marar tsatsa. Flowmaster ya biyo baya a 1983, asalinsa ma don a rage ƙarar motocin tsere ne a Kalifoniya, saboda maƙwabtan filayen tsere sun dame su da ƙorafi. Tasu salansar ba ta da auduga, faranta ne a ciki da ke raba igiyar sauti su sake haɗa ta, wani sashe ya kashe wani. A farkon shekarun 1990 wani ɗan tseren babur a Suloveniya, Igor Akrapovič, ya kafa nasa kamfanin, wanda ya yi suna da bututun titaniyam marar nauyi.

A Jafan kuma salon daban ne. Gungun matasa da ake kira Bosozoku, waɗanda yawansu ya haura 40,000 a farkon shekarun 1980, suna cire salansar babura suna yawo cikin dare suna murza totur. Masu motoci a cikinsu har dogayen bututu suke ɗaurawa masu miƙewa sama su wuce rufin mota. Hukuma ta yi ta tsaurara dokar hanya a kansu har suka ragu ƙwarai.

Kamfanin da ya so mallakar murya

Injin babur ɗin Harley-Davidson silinda 2 ne masu kusurwar digiri 45, harbinsu ba ya zuwa a jere daidai, shi ke ba shi wannan bugun kamar na mai ɗingishi. A 1994 kamfanin ya nemi hukumar Amurka ta yi masa rajistar wannan ƙarar a matsayin tambarinsa. Sauran masu ƙera babura suka ce ba su yarda ba, ai duk injin mai irin wannan ƙira haka yake kuka. Aka yi shekara 6 ana fafatawa, a 2000 Harley ta janye.

Hujjar abokan hamayyar ta koma kan maganarmu ta farko: muryar a injin take. V8 na Amurka yana gurnani ne saboda harbin kowane ɓangare nasa ba ya zuwa daidai. V8 na Ferrari harbinsa a jere yake, shi ya sa yake ihu siriri. Tsofaffin Subaru kuma gurnaninsu ya samo asali ne daga bututun da ke fitowa daga silinda, wani dogo wani gajere.

Daga bututu zuwa lasifika

Da kamfanoni suka ga murya tana sayar da mota, sai suka ɗauki injiniyoyin sauti. Lexus LFA ta 2010, wadda guda 500 kacal aka ƙera, da taimakon Yamaha aka tsara muryar injinta mai silinda 10, kuma Yamaha dama masu ƙera kayan kiɗa ne. Amma zamani ya zo da tabo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don cusa iska a injin, ita kuma tana cinye ƙara tun kafin ta kai salansa. Ko a gasar Formula 1, da aka koma ƙananan injuna masu tabo a 2014, 'yan kallo sun yi ta mita cewa motocin sun yi laƙwas. BMW M5 ta 2011 ta warware nata da dabara: ƙarar injin ake sako wa direba ta lasifikar cikin mota.

Sai ga motocin lantarki, da ba su da salansa sam. Shirunsu ya zama haɗari ga makafi da masu tsallaka titi. Tun 1 ga Yulin 2019 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfuransu su riƙa fitar da ƙara idan suna tafiya a hankali, har zuwa kilomita 20 a awa. Dodge ma ta fito da Charger mai lantarki a 2024 da na'urar kwaikwayon rurin V8. Abin da aka fara da neman hanyar kashe ƙara, ga shi an kai inda doka ke cewa a ƙirƙiro ta.

A ɗaya gefen kuma ana ƙara matse masu fasa salansa. Jihar Kalifoniya ta ƙayyade desibel 95 ga ƙananan motoci. Jihar Niyok ta ɗaga tarar zuwa dala 1,000 a 2021. A 2022 birnin Faris ya fara gwajin kyamarori masu kunne, da ke gano abin hawan da ya cika ƙara su ɗauki lambarsa. Mu ma nan Najeriya hukumar NESREA tana da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009.

To mu fa?

Duk wanda ke zaune kusa da titi ya san yadda babur ɗaya mai fasasshiyar salansa ke tashin unguwa guda da tsakar dare, da jariri da marar lafiya da tsoho. Ga darussan da tarihin nan ya bar wa mai son gyara muryar motarsa:

1. Kar ka yarda a cire maka indomi. Ƙarafan cikinta kuɗi ne, shi ya sa wasu ke saurin cewa ta toshe. Idan an cire, sensar da ke bayanta za ta kunna fitilar gargaɗi, hayaƙin ya yi wari, guba ta ƙaru. Mai sayen mota 'yar Kwatano ma ya sa a duba masa ko tana nan.

2. A yi aikin daga bayan indomi, kamar yadda manyan kamfanonin suke yi. Sauya tukunyar ƙarshe kaɗai ya isa ya kaurara murya.

3. Faɗin bututu ba shi ne ƙarfi ba. Idan ya yi wa injin yawa, hayaƙi yana rage gudu, motar ta yi nauyin tashi. A ƙaramar mota ta yau da kullum, ƙarin ƙarfin da ake samu daga sauya salansa kaɗan ne.

4. A bar 'yar tukunyar tsakiya. Ita ke kashe wannan gunjin da ke cika cikin mota wajen juyi 2,000. Wanda ya cire ta ya kama hanyar Kano zuwa Abuja, kafin Kaduna kansa ya fara sarawa.

5. A tabbatar waldar ba ta yoyo, kuma bakin bututun ya fita bayan mota. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari, ita ce dai mai kashe mutane idan an kwana da janareto a ɗaki.

6. Kunne ba shi da safaya. Yawan zama cikin ƙarar da ta haura desibel 85 yana cin ji a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Motarka taka ce, amma kunnen maƙwabci nasa ne, kuma shi ba a tambaye shi ba kafin a kai ta wurin mai walda. A cikin muryoyin da muka ambata, wacce ta fi burge ku, gurnanin V8 ko ihun Ferrari? Sai mun ji daga gare ku. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, amin.