Fijo 504 da Hanyar Gida

A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka cika kasuwa. Nan Sabon Ibadan, dillalan shanu da 'yan goro suka rungumi 504, musamman doguwar nan mai layin kujeru uku. Ita ce motar tafiya gida da Sallah: maigida gaba, mata tsakiya, yara can baya a matse da huhun goro. Sai Ilori, a haye gadar Jebba, a yi sallah a Kwantagora, a kwana Kaduna. Ko ta tsaya a hanya ba fargaba, kowane bakanike ya san cikinta.

Da tokumbo suka shigo a shekarun 1990 aka jingine ta. Yau ragowarta na bayan gareji, awaki na kwana ƙarƙashinta. Jikokin masu ita kuwa, da yawa ko gadar Jebba ba su taɓa hayewa ba.