Yadda Fuskar Sarki Ta Hau Kan Kuɗi

Yau ba mai mamakin ganin hoton shugaba a jikin kuɗi, amma Girkawan dā sun daɗe ba su yarda da haka ba. A ƙasar Lidiya, yammacin Turkiyya ta yanzu, aka fara buga tsabar kuɗi wajen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da sana'ar ta shiga biranen Girka, kowane birni sai ya sa abin bautarsa ko tambarinsa. Atina ta buga kan abar bautarta Atena a gaba, mujiya a baya, da azurfar da bayi ke haƙowa a Lauriyon. Kuɗi na gari ne, ba na mutum ɗaya ba.

Sarakunan Makidoniya ne suka fara sauya lissafin. Filib na 2 ya mallaki ma'adinan zinariya na dutsen Pangayon, ya buga sulalla da sunansa, ya biya sojoji da su. Ɗansa Iskandar ya bi sawu: sunansa a rubuce, amma hoton na gwarzon tatsuniyar Girkawa Herakulis ne sanye da fatar zaki.

Rasuwar Iskandar a Babila a shekarar 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ce ta buɗe ƙofa. Janar-janar ɗinsa suka yayyaga daular, kuma ba ɗayansu da ya gāji sarauta, don haka kowa ya raɓu da sunan marigayin. Batlamiyus a Masar ya buga kan Iskandar lulluɓe da fatar kan giwa, alamar yaƙin Indiya. Lisimakus ya ɗora masa ƙahon rago na gunkin Amun. A ganina nan dabarar take: sai da idon jama'a ya saba da fuskar mamaci, sannan mai rai ya shigo da tasa. Bayan Batlamiyus ya naɗa kansa sarki wajen 305, ya sa fuskarsa da rawanin sarauta. Sojan da ya karɓi albashi, da ɗan kasuwar da bai taɓa taka fada ba, duk sun san mai ƙasa.

Rumawa sun jinkirta. Sai a shekarar 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) fuskar Yuliyas Kaisar ta bayyana a kuɗin birnin Rum yana raye, kuma a watan Maris na shekarar aka kashe shi.

Sunan kuɗin Girkawa, dirakma, shi ne ya koma dirhami a bakin Larabawa, har ya iso cikin littattafan fiƙihu da malamanmu ke karantarwa a babin zakka.