Yadda Aka Fara Raɗa Wa Na'urori Suna

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: yaya ake yi firintar ofis ke riƙe suna ɗaya, ko an kashe ta an sake kunnawa?

To malam, abin ya samo asali ne daga Amurka. A shekarun 1970, sunayen dukkan kwamfutocin ARPANET, wato kakar intanet, a fayil guda suke, wanda Elizabeth Feinler da ma'aikatanta ke kula da shi a Kalifoniya. Da kwamfutoci suka yi yawa aikin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a 1983.

Amma fa kafin a kira na'ura da suna, sai an shaida ta. Kowane katin sadarwa yakan fito daga masana'anta da lambarsa, ana ce mata MAC, haruffa da alƙaluma 12, kamar dai lambar injin mota. A 1985 aka samar da BOOTP: mai kula da kwamfutoci ya rubuta lambar a jadawali, ya ajiye adireshi da suna a gefenta. DHCP na 1993 ya gaji wannan dabara. In ba a yi haka ba, adireshin firinta na iya sauyawa, aiki ya tsaya cak.

Sai dai a kula: tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi kan nuna wa kowace Wi-Fi lambar aro, don kada a bi sawun masu su. Saboda haka mai son ɗaura wa waya suna, lambar da ta nuna a wurin zai rubuta, ba ta masana'anta ba.