Kaka Da Kakanni

Hausawa sun kasa shekara kashi huɗu, watau bazara, da damina, da kaka, da rani, kwanakin ɗari kuwa suna cikin farkon rani. Kowane kashi da irin aikinsa, amma babu wanda talaka ke ɗokin zuwansa kamar kaka, don a cikinta ne mutum ke ganin abin da guminsa ya haifa. Ga kuma wani abin lura: sunan da muke kiran lokacin girbi da shi, shi ne muke kiran wanda ya haifi uban mutum ko uwarsa. Ni dai ban taɓa jin an ce kaka ta yi ba, face na tuna da kakata wadda ta haifi ubana, Allah ya ji ƙanta. Daga bakinta na fara jin tarihin ƙasarmu, tun ban san ana rubuta tarihi a littafi ba. Abin da na ji daga gare ta, da abin da na gwada shi da shi daga baya cikin rubuce-rubucen hukuma, shi nake so in bayyana a nan.

Bari mu fara da aikin kaka kansa, yadda yake a zamanin da. Gero shi ke fara nuna, wajen ƙarshen watan Agusta ko farkon Satumba, tun ruwa bai ɗauke ba. Ran da aka fara gasa tumu a gida, ran nan yunwar damina ta kare. Daga nan sai girbin gero, sai cirar gyaɗa, sai roron wake, maiwa da dawa kuwa sai iska ta juya, wajen Oktoba da Nuwamba. A lokacin nan gida guda yakan yi noma tare a gandu, uba da 'ya'yansa da ƙannensa, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa wadda yake nomawa da maraice. In aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya. In an ɗaure damuna an kawo su gida, maigida ba ya zuba ko ɗaya a rumbu sai ya fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, kamar yadda shari'a ta ce game da abin da ruwan sama ya shayar. Wanda Allah ya ba dami dubu a shekara guda, shi akan naɗa Sarkin Noma, ya yi biki ya ciyar da gari. Bayan an rufe rumbuna sai samari su yi kalankuwa, mahauta su fito dambe, a yi kokawa a dandali, a ɗaura auren da aka yi ta jinkirtawa. Sa'an nan masu tafiya su kama hanya, waɗansu cin rani, waɗansu fataucin goro har Gwanja.

To, a gidanmu akwai wata al'ada wadda kakata ba ta taɓa bari ta wuce ba. Ran da aka fara sussukar sabon gero, sai ta ɗebi mudu na fari da hannunta, ta daka, ta yi gumba, ta kira almajirai ta raba musu. Sa'an nan ta zauna a bakin ɗakinta ta ɗaga hannu, ta riƙa kiran sunayen mutanenta da suka riga mu gidan gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, tana roƙa musu gafara. Mutum goma sha ɗaya take kira. Sunan mijinta kaɗai ba ta faɗa, saboda kunya, sai ta ce, "Da mai sunan wannan," ta nuna ni, don sunansa aka sa mini. Shi ya sa ubana ke ce mini Abba, ita kuwa Maigida take ce mini, tana yi mini wasan jika da kaka.

Wata shekara na tambaye ta, na ce, "Iya, shekararki nawa?"

Ta yi dariya ta ce, "Maigida, wa ya ƙidaya? Ni dai da Kakalaba ta zo ina famfara."

A sa'an nan ban gane ba, sai daga baya na fahimci lissafi ne ta ba ni, sahihi kuwa. Watannin Musulunci suna ja da baya wajen kwana 11 kowace shekara, saboda haka manomi ba ya shuka da su, sai ya dubi taurari da iska. Takardar haihuwa kuwa babu ita a ƙauye. Sai mutane suka riƙa ƙirga shekaru da kaka, wadda ta yi kyau da wadda ta ɓaci, kowace yunwa kuma suka sa mata suna. Har sunayen mutane suna ɗauke da wannan lissafi, kamar Nomau, da Citumu, da Ciwake, da Ɗankaka. Ba mutanen ƙauye kaɗai ke riƙe irin wannan ba, don littafin tarihin sarakunan Kano ma ya ambaci yunwar da ta yi shekara 11 a zamanin Sarki Muhammadu Zaki.

Ga abin da ya faru kafin Kakalaba. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. A shekarar nan kamfanonin Turawa suka shiga sayen gyaɗa da tsada, manoma suka ga kuɗin da ba su saba gani ba, suka ƙara wa gyaɗa fili a gonakinsu. Haraji kuma ya koma sai da kuɗin ƙarfe, wuri ya daina amfani, saboda haka wanda ba shi da gyaɗa sai ya sayar da hatsinsa tun da kaka, lokacin da ya fi araha. Ana cikin haka damina ta 1913 ta ƙi, tun daga Barno har Sakkwato, har cikin ƙasar da Faransa ke mulki a arewa. Aka yi kaka rumbuna ba su cika ba. Da bazarar 1914 ta shigo sai yunwa ta kama ƙasa, ita ce ake kira Kakalaba, waɗansu wurare kuma Malali. A ranar 1 ga Janairu na wannan shekara ne Gwamna Lugga ya haɗa Kudu da Arewa, a ƙarshen watan Yuli kuma yaƙin duniya na farko ya tashi. Littattafan makaranta sun riƙe waɗannan biyu. Kakata kuwa ba ta san da ko ɗaya ba, yunwar ta sani.

Ta ce da fari an rage tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sa'an nan ya koma kunu, sa'an nan aka shiga cin dusa. Da dusa ta ƙare mata suka bazu daji suna tsintar 'ya'yan ƙarangiya da anza, suna tona ramukan tururuwa don ɗan hatsin da ta tara. Mutanen arewa suka yi ta kwararowa, suna sayar da dabbobinsu a bakin abin da bai taka kara ya karya ba. Ubanta ya riƙe tukunya guda ta irin gero, ya binne ta a ƙarƙashin gadonsa, 'ya'yansa suna kuka, ya ƙi taɓa ta. Da abu ya yi tsanani sai ya tura matarsa da yara kudu wajen ƙasar Zazzau, shi ya tsaya jiran ruwa. Su huɗu uwarsu ta tafi da su, biyu ta komo da su. Ƙannen kakata biyu a hanya aka binne su, a garuruwan da ita kanta ba ta riƙe sunansu ba. Da suka komo suka tarar gero ya yi kai a gonar ubansu, daga irin nan na cikin tukunya. Ta ce har ya mutu uwarta ba ta taɓa yi masa maganar tukunyar nan ba, shi ma bai taɓa tayar da ita ba. Ƙannen nan biyu su take fara kira in ta ɗaga hannu. Da na ƙirga, wadda ke famfara a 1914 an haife ta wajen 1908 ke nan.

Bayan wannan sai shekarar mura. Cutar ta sauka Ikko daga jirgin ruwa a watan Satumba na 1918, ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, ta iske mutane suna tsakiyar girbi. A cikinta uwar kakata ta rasu. A 1927 aka yi 'Yar Buhu, wadda ta sami sunanta daga hatsin da aka riƙa kawowa cikin buhuna, abin da mutane ba su saba gani ba, don da dami suka san hatsi. A bayanta fara ta yi ta zuwa shekara da shekaru. Sa'an nan 'Yar Gusau, a 1942 zuwa 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da hukuma ke karɓar hatsi da mutane tana kaiwa haƙar kuza a Jos. Jirgin ƙasa ya riga ya kai Gusau tun 1929, can mutane suka riƙa zuwa awo da jakuna. A cikinta aka haifi ubana, da ita kuma ya san shekarunsa har ya koma ga Allah. Ta 1953 zuwa 1954 kuwa Muda aka sa mata, don sai da mudu ake samun hatsi.

Kada mai karatu ya ɗauka duk tarihin kaka wahala ne. Daga bayan yaƙi har wajen 1970 gyaɗa da auduga sun kawo wa talakawa kuɗi. Buhunan gyaɗa aka riƙa jerawa a Kano har suka zama dala, suna jiran jirgi ya kwashe su, babban mai sayenta kuwa shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Da kuɗin gyaɗa kakana ya sayi keke na fari a unguwarmu, da su kuma aka yi wa ubana aure. Amma kuɗin kaka ba na manomi ba ne shi kaɗai. Da an gama girbi sai malamin haraji ya zo, mai unguwa ya tara, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmalin En'e, Fulani kuma su biya jangali bisa kan shanunsu. Wanda ya biya akan ba shi takarda, ya adana ta kamar ransa, don in an kama shi a hanya babu ita ya shiga uku. Bayan rasuwar kakata mun sami takardun harajin mijinta a ƙasan kwallarta, a naɗe cikin tsumma. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a cikinsu ba, amma ta riƙe su shekara da shekaru. Da su na san shekarar da ya rasu, don daga ita takardun suka yanke.

Waɗannan abubuwa duka sun wuce. Farin 1973 ya kashe amfanin gona da dabbobi, a 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar Kano ta ɓace. Fam da sule sun ba Naira wuri a 1973. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, a 1979 kuma aka soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna. Gandu ya watse a gidaje da yawa, kowa ya kama tasa gonar, buhu kuma ya ci rabin aikin rumbu.

Kakata ta rasu da kakar 1994, ana yankan dawa, ina da shekara goma sha uku. A lokacin na yi nisa a allo, na kuma gama firamare, ina iya rubuta ajami da boko. Da na ɗauki alƙalami ran da take kiran sunayen nan, da aikin minti biyar ne. Ban yi ba, don ina ganin kamar kullum tana nan. Da ubana ya tsufa na zauna da shi muka yi ta ƙirga, muka sami bakwai. Huɗu sun tafi da ita. Kowace kaka in matata ta yi gumbar sabon gero nakan kira bakwai ɗin nan, da ita, da ubana, sa'an nan in ce, "Da sauran huɗun da Iya ke kira, Allah ka san su."

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa da kuka koyi karatu da rubutu da girmanku, ga wani aiki da ya fi karanta wasiƙa da rasit. In kaka ta yi, an taru a gida, kowa ya sami littafi ɗan ƙarami ya zauna gaban tsohon gidansu ko tsohuwa. Ya tambayi sunan ubanta da na uwarta, da garin da suka fito, da dalilin fitowarsu, da gonar da suka fara sara. In ta ce an haifi wane shekarar kaza, a rubuta sunan shekarar yadda ta faɗa, a bar neman lambarta sai daga baya, don lamba ana samunta a littafi, sunan mutum kuwa in ya fita daga bakin wanda ya san shi ba a samunsa a ko'ina. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A ajiye littafin nan inda ake ajiye takardun gona, a nuna wa yara wurin.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya sa aljanna ce makomarsu, ya ba mu damina mai albarka da kaka mai auki. Amin.